Gubar fumfuna a gyada da masara: abin da likitocin hanta suka gano, da aikin da ya rage gare ka

Idan kana cin gyada ka ci karo da ƙwaya ɗaya mai ɗaci, me kake yi? Tofarwa kake yi, ka kurkure baki, ka ci gaba da cin sauran. Kowa ma haka yake yi. To amma ita wannan ƙwayar da ka tofar, da ire-irenta da suka wuce cikin tunkuza ko garin tuwo ba tare da harshe ya gane su ba, su ne likitocin hanta suka shafe sama da shekara sittin suna bin diddiginsu. Abin da suka gano kuwa ya fi shafar ka, kai mai noma da ajiya, fiye da mai saye a birni, domin sau da yawa mai kyau ake kai wa kasuwa, ragowar kuma ita ake ci a gida.

Sunan gubar aflatoksin. Wata irin fumfuna ce ke samar da ita, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, da 'yar'uwarta Aspergillus parasiticus. A cikin ƙasar gona suke zaune, cikin ruɓaɓɓen kara da ganye, kuma suna son zafi da laima. Gyada da masara su ne suka fi kamawa, sai barkono busasshe, da agushi, da busasshen rogo, da irin auduga. Wani lokaci za ka ga fumfunar da idonka, kore-kore mai ɗan ruwan ɗorawa, kamar an barbaɗa gari a jikin ƙwaya. Ita gubar kanta ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ɗacin nan da kake ji alama ce kawai ta ƙwayar da ta lalace. Ƙwaya tana iya yin kyau a ido, alhali tana ɗauke da ita.

Sai ka riƙe wannan da kyau: wutar girki ba ta kashe ta. Ko tuwo aka tuƙa, ko kunu aka dama, ko ƙuli-ƙuli aka soya, mafi yawan gubar tana nan daram.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1960 'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen gona na Ingila cikin 'yan watanni, aka rasa dalili. Da aka bi sawu, sai aka tarar duk an ciyar da su da tunkuzar gyada da aka shigo da ita daga Brazil. Daga nan aka ware gubar, aka raɗa mata suna. Tun daga lokacin ƙasashen Turai suka fara sa ido a kan gyadar da ake kai musu, har da tamu ta Afirka ta Yamma. A yau Tarayyar Turai ba ta karɓar gyadar da mutum zai ci kai tsaye idan gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuma ta tsaya a kashi 20. Don ka gane ƙanƙantar abin: kashi 4 cikin biliyan shi ne giram 4, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, a cikin tan 1000 na gyada, lodin tirela sama da talatin ke nan. Ɗan wannan ne ke sa a dawo wa ƙasa da kayanta daga bakin teku.

Idan gubar ta yi yawa ƙwarai, nan take take kisa. A 2004 a gabashin Kenya, yankin Makueni da Kitui, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu. Masarar gonarsu suka ci, wadda ruwan da ba a zata ba ya daka lokacin girbi, aka ajiye ta a ɗaka ba ta gama bushewa ba. Idanu suka yi ruwan ɗorawa, ƙafafu suka kumbura, hanta ta tsaya. Irin haka ta sake faruwa a tsakiyar Tanzaniya a 2016. Amma irin wannan ba kullum ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne cin ta kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru, ba ciwon kai ba zazzaɓi, har sai ta gama aikinta.

Abin da take yi wa hanta

Duk abin da ka ci, hanta ce ke tace shi. Idan aflatoksin ta iso, hanta tana ƙoƙarin sarrafa ta don a fitar da ita ta fitsari da bayan gida. Wajen wannan sarrafawar ne wani kaso na gubar ke rikiɗa ya koma wani abu mai manne wa ƙwayoyin halittar da ke cikin hanta. Akwai wani sashe na ƙwayoyin halitta da aikinsa shi ne tsawatar wa duk tsokar da ta fara girma ba bisa ƙa'ida ba, kamar dai mai gadi a bakin ƙofa. Gubar nan wurinsa take nufa, ta lalata shi a wani gurbi guda da aka sani. Likitoci sun sami wannan tabon iri ɗaya a ciwon dajin hantar mutane a Gambiya, da Mozambik, da kudancin Sin, duk wuraren da ake cin gyada ko masara mai fumfuna. Shi ya sa hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoksin a rukunin farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, sahu ɗaya da taba sigari.

To, ga inda maganar ta fi tsanani a wurinmu. Gubar ba ita kaɗai take aiki ba. Tana da abokin tafiya, wato ciwon hanta rukunin B.

A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi lafiyar maza 18,244 na tsawon shekaru, an ajiye fitsarinsu da jininsu tun suna lafiya lau, sannan aka duba waɗanda daga baya suka kamu da dajin hanta. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa mai alamar aflatoksin kaɗai a fitsarinsa, haɗarinsa ya ninka kusan sau 3. Mai ƙwayar ciwon hanta rukunin B kaɗai, kusan sau 7. Wanda kuwa ya haɗa biyun, kusan sau 59. Ka lura, uku da bakwai goma ne idan tarawa ake yi. Nan abin ninkawa yake yi. Da aka haɗa sakamakon bincike daban-daban daga baya, adadin da aka fi ambata shi ne wajen ninki 30, idan aka kwatanta wanda ya haɗa biyun da mai gubar kaɗai. Ko wanne ka ɗauka, ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya haɗa ka da Shanghai? Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta rukunin B. Kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan. Ƙungiyarku in tana da mambobi sittin, ka ƙiyasta da kanka. Mafi yawansu ba su sani ba, domin ciwon yana iya zama a jiki shekara ashirin, talatin, mutum yana noma yana cin kasuwa ba ya jin komai. Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi duk suna cikin yankin da ciwon ya yi yawa. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a 2022.

Ranar da alama ta fito kuwa, yawanci an makara. A 2017 likitoci daga asibitoci 21 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, da Ghana, da Kamaru, da Sudan, suka haɗa bayanan masu dajin hanta sama da 2,500. In ka cire Masar, matsakaicin shekarun marar lafiya 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan an gano ciwon. Ɗan shekara arba'in da shida fa, magidanci ne mai ƙarfin riƙe garma, mai 'ya'ya ƙanana. A ƙauye sai a ce shawara ce ta yi masa yawa, ko a ce sammu ne, ganin yadda ciki ya kumbura jiki ya rame. A yi ta jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa.

A watan Yulin 2025 wani kwamitin ƙwararru na mujallar likitoci ta Lancet ya fitar da rahoto cewa idan aka ci gaba a haka, masu kamuwa da dajin hanta a shekara za su tashi daga kimanin 870,000 a 2022 zuwa miliyan ɗaya da rabi a 2050. Suka kuma ce uku cikin biyar na wannan ciwon ana iya kauce masa.

Shin rage gubar yana hana ciwon?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata manomi ya yi kafin ya kashe kuɗinsa a kan tampol. Amsa mafi ƙarfi daga wata gunduma ta fito, Qidong, a gabashin Sin. Mutanen wurin masara ce abincinsu, kuma dajin hanta ya yi musu katutu. A shekarun 1980 tsarin kasuwancin hatsi ya sauya, suka sami damar sayen shinkafa, suka bar dogaro da masarar da ke musu fumfuna. Da aka auna tsofaffin samfuran jini da aka adana, aka ga gubar ta yi ta raguwa har ta kai ba a iya ganin ta a jinin yawancinsu. Mutuwa daga dajin hanta ta ragu da kusan kashi 45 cikin ɗari. Abin lura, waɗannan manya ne da ba a yi musu allurar rigakafin ciwon hanta ba, ƙwayar cutar tana nan a jikinsu. Abincin ne ya canja.

Akwai abin dubawa a nan gare mu. Iyayenmu gero da dawa suka fi ci. Yanzu gidaje da yawa sun koma tuwon masara safe da dare, saboda ta fi auki a gona kuma ta fi araha a kasuwa. Gero da dawa da acca su ma fumfuna tana kama su idan aka ajiye su da laima, amma galibi gubar ba ta taruwa a cikinsu kamar yadda take yi a masara da gyada. Ba cewa ake ka daina noman masara ba. Kar dai ta zama ita kaɗai ce a tukunya, musamman tukunyar yara.

Gwaji na biyu ya fi kusa da mu, domin a gonakin gyada na ƙananan manoma aka yi shi, a yankin Kindia na ƙasar Gini, aka buga sakamakon a 2005. Ƙauyuka ashirin aka ɗauka. Goma aka bar su su yi yadda suka saba. Goma kuma aka koya musu tsince gyada da hannu, da shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, da gane cewa ta bushe sosai, aka ba su buhunan algarara masu shan iska, da katakon ɗora buhu, da maganin ƙwari na barbaɗawa a ƙasan ɗakin ajiya. Ba inji, ba lantarki. Bayan wata biyar da girbi aka auna jinin mutane. A ƙauyukan da aka bari, gubar ta ninka fiye da sau uku, tun da tana ƙaruwa ne a ajiya. A ƙauyukan da aka koya wa aikin, kusan tana inda take, ba ta kai rabin ta waɗancan ba. A ganina wannan shi ne binciken da ya fi dacewa kowace ƙungiyar manoma ta sani, saboda jinin mutane aka auna, ba buhu kawai ba.

Maganar yara

Nan sai an yi adalci, domin sakamakon bai tafi bai ɗaya ba. A 2002 an auna yara 480 a ƙauyukan Benin da Togo, masu wata tara zuwa shekara biyar. Kashi 99 cikin ɗari an sami gubar a jininsu. Waɗanda aka yaye sun ninka masu shan nono wajen sau biyu, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan gubar. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa da an cire gubar yara za su miƙe. Sai aka gwada a Kenya, aka riƙa musanya wa iyalai masararsu da mai tsabta. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna gubar ta ragu a jinin yaran da kashi 27 cikin ɗari, amma a ƙarshen gwajin tsayinsu bai bambanta da na sauran yara ba. Ke nan tsumburewa tana da iyaye da yawa: ƙarancin abinci mai gina jiki, gudawa, ruwa marar tsabta, zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya zo ya ce maka maganin fumfuna kaɗai zai sa ɗanka ya yi tsawo, ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Dalilin kare yaro daga gubar yana nan a hantarsa, wadda za ta yi masa aiki shekara sittin ko fiye.

Ke uwa, kar wannan ya sa ki rage ba da nono. Gaskiya ne ɗan kaɗan na gubar yana bi ta nono, amma abin da ke shiga cikin yaro ta kunun gyada da kokon masara ya fi shi nesa ba kusa ba. Gyadar kunun yaro ita ce za ki fi tsincewa, ƙwaya-ƙwaya.

Tun daga gona

Mutane suna ɗauka a rumbu matsalar ke farawa. A gyada, sau da yawa tun tana cikin ƙasa ne. Idan ruwa ya ɗauke a makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe, ƙasa ta yi zafi, shuka ta galabaita, ɓawo ya tsattsage, fumfunar sai ta sami ƙofa. Gara da tsutsa su ma suna huda mata hanya. Shi ya sa shuka da wuri da irin da ke nuna da wuri yake da amfani, kamar SAMNUT 24 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, don ta nuna kafin damina ta janye. Da ta nuna kuma ka cire ta. Barin ta a ƙasa wai sai ka gama da dawa, kyauta ce kake ba gara. In ka tuge, ka kifa ta 'ya'yan suna kallon rana, kar ka tara ta tsibi tana ɗanya ta yi gumi. Gyadar roro, wadda aka tono daga baya bayan ta daɗe a ƙasa, kar a haɗa ta da ta farko.

A masara, tsutsar da ke huda goyo ita ce babbar mai buɗe ƙofa, sai fari lokacin da take zuba ƙwaya. Goyon da ya faɗi ƙasa ya kwana cikin laima, ware shi daban.

Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa tare da ma'aikatar gona ta Amurka, aka yi masa rajista a Najeriya a 2014. Dabarar tana da ban sha'awa. Cikin dangin wannan fumfunar akwai waɗanda ba sa yin guba sam. Sai aka zaɓo irinsu daga ƙasar Najeriya, aka shafa su a jikin gasasshiyar dawa da ba za ta tsiro ba, aka rina ta shuɗi don kar a ci. Kana watsa kilo 4 a eka ɗaya, wato kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fara fure, bayan ka gama noma da ƙasa tana da danshi, kuma ba a binne shi. Marasa gubar sai su riga masu gubar mamaye gonar. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna raguwar kashi 80 cikin ɗari zuwa sama. Na gyada, ka duba lokacin da aka rubuta a jikin leda ko ka tambayi malamin gona. Amma fa ba ya ɗauke maka shanya. Wanda ya watsa Aflasafe ya zuba masara ɗanya a buhu, wasu fumfunonin za su ci ta.

Shanya, tsinta, ajiya

Shanya a ƙasa tsirara ita ce mayar da amfani gidan fumfunar. Shanya a gefen kwalta ma ba ta tsira ba, ga ƙura, ga awaki, ga raɓa idan ya kwana. Tampol, ko tabarma, ko daɓen siminti mai tsabta, a baza da faɗi ba a tula ba, a riƙa juyawa, da yamma a tattara a rufe. Masara ana so laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa, gyadar da aka ɓare kuwa wajen kashi 7. In ba ku da na'urar awo, ga dabarar gishiri: ka sami kwalba busasshiya, ka zuba hatsi kamar sulusinta, ka ƙara cokali biyu na gishirin da ka busar sosai, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, mayar da shi rana. Gyada mai ɓawo kuwa, girgiza ta a kunne, in ta bushe za ka ji tana kaɗawa.

Wata ɗabi'a da ya kamata a bari ita ce yayyafa wa gyada ruwa kafin a ɓare don kar ta farfashe, balle masu jiƙa ta don ta yi nauyi a sikeli. Wannan gyadar in ta shiga buhu, kwana kaɗan ya ishi fumfuna. Gyada ta fi tsira a cikin ɓawonta, a ɓare ta idan an tashi sayarwa ko amfani.

Tsinta aiki ne mai cin rai, amma tana biya, kuma ga dalili. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta: masu yamushi, masu baƙi ko kore, waɗanda ƙwaro ya huda, da fasassu. In ka cire su, ka cire mafi yawan gubar. A masara, surfe da wanki suna ƙara ragewa, a kwashe duk abin da ya taso saman ruwa a zubar.

To ina za a kai abin da aka tsince? Nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne. Ana kai tsintacciya kasuwa, ragowar kuma a sayar da ita da araha ga masu ƙuli-ƙuli, ko a ba yara, ko a zuba a miya. Ke mai sana'ar mai da ƙuli, ki sani in an matse gyada mafi yawan gubar a tunkuza take zama, ba a man ba. Gyada mai arha da kika saya don riba ta fito, gubar buhu guda ce aka tattara miki a kwano biyu, kuma 'ya'yanki ne farkon masu ɗanɗanawa. Zuba wa dabbobi ma ba mafita ba ce. Kaji suna rage ƙwai, 'yan tsaki da agwagi suna mutuwa, saniyar tatsa kuma tana fitar da wani kaso na gubar a nononta, ta dawo maka cikin fura. Mai fumfuna sosai, a binne ta da zurfi nesa da gona ko a ƙona. Na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciya, balle a shekarar tsada. Amma kwano biyu ne a buhu.

A ɗakin ajiya, buhu kar ya taɓa ƙasa, kar ya jingina da bango. A ɗora a kan katako, a bar hanyar iska, a toshe yoyon rufi kafin damina, a share tsohon hatsi kafin a zuba sabo. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda aka saba da su wajen ajiyar wake a Najeriya da Nijar, suna yi wa masara amfani, domin suna kashe ƙwari kuma suna hana laimar waje shiga. Sharaɗin ɗaya ne, sai ta bushe ƙarau kafin a ɗaure.

Ku 'yan ƙungiya, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfinku ba. Na'urar auna laima guda ɗaya ta ishi ƙauye. Tampol goma ana iya karɓa-karɓa. Masu haɗa abincin kaji da kamfanonin abincin yara suna gwada aflatoksin kafin su saya, kuma ƙungiyar da ta iya kawo kaya mai tsabta lodi bayan lodi ita ke da bakin yin ciniki. In za a gwada kayanku, kar a ɗebi samfuri daga buhu ɗaya. A ɗiba daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya a niƙa, saboda wancan dalilin na cewa gubar a 'yan ƙwayoyi take maƙalewa.

Ɗaya rabin aikin yana asibiti

Tun da abu biyu ne suke haɗuwa su yi ɓarna, gyaran rumbu rabin aiki ne. Gwajin ciwon hanta rukunin B ɗigon jini ne daga yatsa, cikin mintuna a ba ka sakamako. Ƙungiya tana iya shirya wa mambobinta da iyalansu rana guda tare da ma'aikatan lafiya na yankinku. Wanda ba shi da shi, ya yi allurar rigakafi, sau uku ake yi. Wanda aka samu yana da shi, ba hukuncin kisa ba ne, kuma kar a guje shi. Ba a ɗaukar ciwon ta gumi, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Ta jini yake bi da ruwan jiki: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, tsakanin yara ta ƙuraje da raunuka, ta askar wanzami da aka yi wa wani aski ko ƙaho ko kaciya ba a sauya ba, ta allurar da aka maimaita, da kuma saduwa. Ka riƙa zuwa wurin wanzami da rezarka.

Akwai magani, tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya fitar da cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta, ya rage haɗarin taurin hanta da ciwon daji sosai. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara shan maganin, don haka wanda a da aka ce masa bai kai ba, yana da kyau ya koma a sake duba shi. Wanda ya fara, kar ya daina da kansa don ya ji sauƙi ko don kuɗi sun yanke ba tare da ya gaya wa likita ba, domin dainawa kwatsam tana iya tayar da ciwon da ƙarfi. Ya nisanci giya da burkutu, ya yi hattara da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a kasuwa da sunan wankin hanta, ya kuma riƙa zuwa hoton ciki da gwajin jini duk wata shida idan likita ya ce yana cikin masu haɗari. Shi ne kuma mutumin da ya fi kowa buƙatar tsintacciyar gyada a gidan.

Jariri kuwa lissafinsa daban ne. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yana korar cutar, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame wa ta dindindin. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma tana zama a jikinsa har girma. Allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma suna cikin allurar da ake yi a mako na 6, da na 10, da na 14, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Al'adar nan ta cewa jariri ba ya fita sai an yi suna, ita ke sa a rasa ta farkon. Idan a gida aka haihu, kai maigida ka ɗauki kaka ko gwaggo ta riƙe jaririn, ku je asibiti mafi kusa a ranar, ko ka kira ma'aikacin lafiya ya zo. Mai ciki kuma a gwada ta tun wajen awo, domin idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta, ana ba ta tenofobir a watannin ƙarshe don kar ta kai ga abin da ke cikinta.